Tambaya da Amsa: "An ce allura har iyakar rayuwarta, surukata kuma ta ce a daina"

Tambaya

Assalamu alaikum Gwaggo. Ya aiki, ya zafi? Ni uwa ce mai ƴaƴa 3, muna zaune a Garin Malam nan cikin Damagaram. Ƴata ta fari shekararta 8, tana aji CE2. Wata 2 da suka wuce ta fara shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ta koma fitsarin kwance bayan ta daɗe da dainawa, tana ci tana ramewa. Sau 2 muka yi mata maganin masassarar sauro. Ran da ta fara amai tana jan numfashi da ƙarfi muka kai ta asibiti, aka ce ciwon sukari ne. Kwananta 9 a gado. Aka sallame mu da insulin safe da yamma, aka ce har iyakar rayuwarta.

Surukata, wadda yarinyar ke kwana ɗakinta tun yaye, ta ce ni na jawo mata da alawa da alkaki, wani lokaci kuma ta ce daga danginmu ne. Ta samo jiƙo wajen wani mai magani tana ba ta. Yau sati 2 ke nan sukarin ya sauka har likita ya rage allurar, sai ta ce ga shi nan magani ya ci, a daina huda mata jika. Maigida ya ce shi ba ya iya kallon allura, kuma kada kowa ya ji a waje saboda gaba. Ni kuwa barci ya ƙaurace mini. In na ɗauki allurar hannuna rawa yake yi, ita kuma ta dube ni ta ce, "Inna, yau ma?" Don Allah ki ba ni shawara.

Wata uwa, Garin Malam, Zinder

Amsa

Wa alaikumus salam ƴata. Sannu da jinya, Allah ya ba ta lafiya, ke kuma ya ba ki ladan ɗawainiya.

Bari in fara da maganar da ba ta jira: kada a daina allurar nan, ko ta yini ɗaya. Ko surukarki ta yi fushi, ko ta daina amsa gaisuwarki ta safe. Fushin tsohuwa a durƙusa a ba da haƙuri ya wuce. Amma yarinya mai irin wannan ciwo in aka yanke mata insulin, ba a daɗewa za ta koma halin da kuka ɗauke ta a ciki zuwa asibiti, kuma ba kowane yaro ne ake samun sa'ar kai shi cikin lokaci ba.

Ni ba likita ba ce, malamar makaranta ce da ta ajiye alli. Abin da ya sa na zaɓi wasiƙarki a wannan makon shi ne, autana yana da shekara 9 aka faɗa mana abin da aka faɗa muku, yau shekara 13 ke nan. Har gobe ina ganin layin kiyashin nan a jikin katangar bayan gida, daidai inda yake tsugunawa da dare. Sau 2 ina share su ina faɗa, a zatona wani ya zubar da lemu. Ashe sukari ne ke fita a fitsarin ɗana, kiyashi sun riga ni ganewa. Na daɗe ban yafe wa kaina wannan tsintsiyar ba. Don haka in kin ce ba kya barci, na san irin daren da kike nufi.

Ba alawa ba ce, ba alkaki ba ne, ba ke ba ce. In da alkaki na kawo wannan ciwo, da babu yaron da zai rage a Damagaram. A bayan tumbin mutum akwai wata ƴar gaɓa da likitoci ke kira pankiriyas, ita ke fitar da insulin. Ki ɗauki insulin kamar ɗan garuwa. Mu nan mun san ruwa na iya zuwa famfon unguwa, amma in babu mai ɗauko shi ya shigo da shi gida, randa a bushe za ta kwana. Haka abinci yake zama sukari ya shiga jini, insulin ya ɗauke shi ya kai wa tsoka da sauran sassan jiki su yi aiki. Ciwon sukarin manya, wanda ake kira nau'i na 2, ƴan garuwan suna nan sai dai sun gaji, ko ƙofofin sun yi tauri. Shi ya sa ƙwaya da gyaran abinci da tafiya ƙasa ke yi musu amfani. Na ƴarki nau'i na 1 ne: garkuwar jikinta ce ta yi kuskure ta afka wa wurin da ke yin insulin ɗin. Sai sukari ya taru a jini ya rasa mai ɗauka, ya riƙa fita ta fitsari yana jan ruwan jiki, ga ƙishi, ga yunwa, ga rama. Yawancin yaran da ke samun wannan nau'in babu wani a danginsu na kusa da ke da shi. Ba a ɗaukarsa a kwano, ba a ɗaukarsa a moɗa. Kuma kada wani ya ba ta ƙwayar da kakan wane ke sha, ba ciwonsu ɗaya ba.

Yanzu saukar sukarin da ta ruɗi surukarki. Ita ce ta ruɗe ni, ni da nake taƙama na yi boko. Idan aka fara yi wa yaro allura, ɗan abin da ya rage a pankiriyas ɗinsa yakan samu hutu ya farfaɗo, ya ɗan taimaka na wasu makonni ko watanni, wani ma har shekara. Likitoci da kansu sun raɗa wa wannan lokaci suna, kwanakin amarci. To wane amarci ne bai ƙare ba? Daidai wannan gaɓar aka kawo mini wata gora ta jiƙo mai ɗacin tsiya, aka ce wane ya sha ya warke. Na ba shi. Na ga lambobi sun yi kyau. Sai na fara tsallake allurar yamma ban faɗa wa kowa ba, har babansa. Daga baya na tsallake ta safe ma. Ba mu cika sati 2 ba na tsinci kaina bayan kabu-kabu da tsakar dare, na rungume shi a tsakaninmu da mai babur, kansa na lilo, bakinsa na wani irin wari kamar ƴaƴan itace da suka fara ruɓa. Likitan da ya karɓe mu bai zage ni ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Hajiya, yaushe rabonsa da allura?" Gara da ya mare ni.

Saboda haka rage allura da likita ya yi daidai ne, aikinsa ne, kuma ki sa rai nan gaba zai sake ƙara ta. Ran da aka ƙara kada ki ce ciwon ya tsananta ko kin yi sakaci. Amarcin ne ya ƙare.

Surukarki ba maƙiyiyar yarinyar ba ce. Ita ta goya ta, ita ke jin juyinta da dare, kuma ganin ana soka wa jikarta ƙarfe sau 2 a yini ba ƙaramin abu ba ne ga tsohuwa. Na kuma san inda takalmin ke matsa miki: ƴar fari ce, ko sunanta ba kya kamawa a gaban mutane, balle ki buɗe baki ki ce da uwar miji "a'a". Amma ciwon nan bai san alkunya ba. Abin da nake ganin zai fi, kada ki yi musu da ita a tsakar gida. Ranar komawa asibiti ku tafi tare, ki bari likita ya yi mata bayani da bakinsa, a ɗauki gorar jiƙon a nuna masa. Ba a san abin da ke ciki ba, wani yana sa amai da gudawa, wani yana taɓa ƙoda ko hanta, wani kuma zuma aka zuba don kashe ɗaci, alhali zuma sukari ce. Addu'a kuwa kada a fasa, a yi tofi, a yi sadaka, babu abin da ya haɗa su faɗa da allura. Sannan ki ba ta aiki. Tsohuwar da aka ce "ke ce mai tsaron dare" ta fi wadda aka ce "ki cire hannunki" sauƙin zama. Tunda ɗakinta yarinyar ke kwana, ai dole ma ta fi kowa sanin abin da zan faɗa yanzu.

Hawan sukari a hankali yake ɓarna. Faɗuwarsa kuwa cikin mintuna take. Yana faɗuwa in an yi allura ba a ci abinci ba, ko an ci kaɗan, ko an yi guje-guje da yawa, ko allurar ta yi yawa. Za ki ga gumi ba dalili, hannu na rawa, yunwa ta gaggawa, fuska ta kwaɗe, ko yaro mai sanyin hali ya hau fushi da kuka, ko ya ƙura ido yana magana ba kan gado. In injin awo ya nuna ƙasa da 70, ko 0,70 in irin mai nuna giram ne, sukari ya faɗi. In babu injin a kusa kuma kin ga alamun, kada ki tsaya nema, ki ba ta sukari. Mu an koya mana ƙwayar sukarin kwali 1 ga kowane kilo 20 na nauyin yaro, ke nan mai shekara 8 ƙwaya 2 sun ishe ta, ko rabin ƙaramin kofi na lemun kwalba mai zaƙi. A jira minti 15 a sake aunawa. In bai hau ba a maimaita. In ya hau a bi da burodi ko ɗan tuwo don kada ya sake zamewa. Amma in ta suma ko tana fizge-fizge, kada a ɗura mata komai a baki, za ta shaƙe. A kwantar da ita ta gefe, a garzaya asibiti mafi kusa, kuma tun daga ƙofa a ce "tana allurar insulin".

Nan ne ɓoyewar da maigidanki ke so take zama haɗari. Wata Laraba da yamma a makarantar allo, ɗana ya ƙura wa bango ido, gumi na tsiyaya, yana kiran sunan kakarsa da ta rasu. Malam, Allah ya jiƙansa, ya ce iska ce, ya sa manyan almajirai suka riƙe shi aka fara karatu a kansa. Abokinsa ɗan shekara 10, wanda shi kaɗai ɗana ya faɗa wa sirrinsa, ya kutsa yana cewa, "Malam, sukari ne, yana aljihunsa!" Ya zaro ƙullin leda ya sa masa a baki tun yana iya tsotsa. Ba a yi rubu'in awa ba ya dubi mutane ya ce me ya faru. Da magariba na saka mayafi na je na faɗa wa Malam komai, washegari na faɗa wa mushensu na lekol da darakta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba cewa na yi a yi shela a Kasuwar Dole ba, amma duk wanda yarinya ke yini a hannunsa dole ya sani: madam ɗin ajinsu, malamin allo, maƙwabciyar da take wasa gidanta, da ƙawa ɗaya mai hankali. Ki roƙi madam abu 3: ta bar ta fita fitsari da shan ruwa ba tare da tambaya ba, ta bar ta ci wani abu a aji in ta ji alamar, kuma kada a taɓa hukunta ta da hana ta abincin hutun ƙarfe 10. Na yi shekaru ina koyarwa, na san malami ba mugu ba ne, rashin sani ne ke sa shi ɗaukar yaro mai faɗuwar sukari a matsayin mai taurin kai.

"Saboda gaba" da maigida ya ce, ai na gane, aure yake nufi. Mata masu wannan ciwo suna aure suna haihuwa, sai dai cikinsu na buƙatar kulawar likita tun kafin a ɗauke shi. Kuma mijin da za a ɓoye wa har a kai masa amarya, wa zai ba ta sukari in ta faɗi a ɗakinsa? A Amurka akwai wata alƙaliya, Sonia Sotomayor, tana da shekara 7 aka gano nata, tun 2009 tana zaune a kotun ƙoli ta ƙasar. Ɗana shi ba ruwansa da alƙalai, Nacho, tsohon ɗan ƙwallon Real Madrid, shi ne ya ɗaga masa kai: yana ɗan shekara 12 aka gano nasa, kuma shi ne kyaftin ɗin da ya ɗaga kofin zakarun Turai a 2024. Ranar har unguwa ta ji ihun ɗana.

Maigidanki kuma, ki karanta masa wannan sakin layin in ya yarda. Malam, sannu da ƙoƙari, na san kuɗin magani a wuyanka yake, kuma na san namiji kan haɗiye tsoro ya kira shi "ba na iya kallo". Nawa mijin haka ya yi wata 4, in an fito da allura sai ya tuna yana da alwala. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ran da matarka ta kwanta masassara, ko ta tafi haihuwa, ko aka yi rasuwa a Magarya ta kwana 2, wa zai yi wa ƴarka allura? A lemun zaƙi aka koya wa nawa, ya huda shi har ya gaji da tsiyaya, daga nan ya karɓi ta asuba ya riƙe ta har yaron ya fara yi da kansa. Sannan maganar Hajiya mahaifiyarka, kai ne mai ita. Abin da ɗa zai faɗa wa uwarsa cikin raha ta ji, in suruka ta faɗa ya zama rashin kunya.

Rawar hannu za ta daina, ƴata, tawa sai da ta yi wata guda. Ƴan dabarun da suka taimake ni: kada ki yi mata allura da insulin mai sanyin firigo, ya fi zafi, ki ɗan riƙe kwalbar a tafin hannu. Mai fari-farin nan kamar tsala a mirgina shi a hankali tsakanin tafuka har ya haɗe, ba a girgiza shi. Mai garai-garai kuwa in kin ga ya gurɓace ko yana da gudaji, ya lalace. Ki riƙa sauya wuri, ciki, cinya, ɗuwawu, damtse, domin in aka nace wa wuri ɗaya yakan yi ƙullutu, kuma insulin ba ya shiga daidai a cikin ƙullutu. Yara suna son wurin don ba ya zafi, kada ki biye mata. Ki duba lambar da ke jikin kwalba da ta jikin sirinji, in 100 ce to duka su zama 100; in an haɗa ta 40 da ta 100 awon ya ɓaci ko da kin ja daidai layin da aka nuna miki. In ta ce "yau ma?" kada ki ce mata gobe za a daina, yara ba sa manta alkawari. Ki ce, "Yau ma, zaɓi wurin." Ba ta da iko a kan allurar, to ta samu iko a kan cinyar dama ko ta hagu.

Abinci ne inda aka fi wahalar da yara a banza. Wasu daga an ce sukari sai a hana yaro tuwo, a bar shi da ganye da wake, ko a tafi neman acca da alkama da tsada. Acca da alkama su ma sukari suke zama a jini, kamar hatsi da dawa da shinkafa. Yarinya mai girma ce, tana buƙatar ta ci ta ƙoshi. Abin da ake so shi ne lokaci da awo: ta ci a kan lokaci ɗaya kullum, gwargwado ɗaya, domin allurarta a kan wannan aka auna ta. Ni mara ɗaya na ware da ludayi ɗaya, da su nake zuba masa, a kwanonsa shi kaɗai, amma daga tukunyar da kowa ke ci. A faranti ɗaya da ƴan'uwa ba za ki san ko ta ci lomar 5 ko 15 ba. Ki yawaita miyar ganye, kwaɗon zogale, wake, gujiya, ƙwai, awara, nama in an samu. Fura da kunu ta sha da awo, ba sukari, da nono ya fi. Abin da za ki kawar shi ne ruwan zaƙi: lemun kwalba, zoɓo da lemun tsamiya na ƙulli, shayin da samari ke dafawa a ƙofar gida. Waɗannan a ajiye su a matsayin maganin faɗuwar sukari. Kuma in za ki hana, ki hana gida duka. Ba adalci ba ne ƙannenta na tsotsar alawa a gabanta. Ranar salla ko biki, ɗan guntun alkaki bayan ta ci abinci bai kai sata a ɓoye illa ba. In injin ya nuna lamba babba, kada ki tsare ta da "me kika ci?" kamar ɗan sanda. Na yi wa nawa haka har ya koyi rubuta mini lambobin ƙarya a kaye.

Kayen nan ki riƙe shi da kyau: rana, lokaci, lambar awo, yawan allura, abin da ta ci in ya bambanta. Da shi likita zai gyara mata awo, ba da ƙwaƙwalwarki da ta gaji ba. A gidanmu kuɗin bandalet, ƴan tsinkayen gwajin da ake sa wa injin awo, ya fi na insulin cin aljihu. In ba za ku iya awo sau 4 a yini ba, ki faɗa wa likita gaskiya ya zaɓa muku lokutan da suka fi muhimmanci, ki kuma tambaye shi ko akwai wani shirin tallafi na yara masu wannan ciwo da za a sa sunanta. Akwai gwajin da ake yi duk wata 3, HbA1c, mai nuna yadda sukarin ya zauna a tsawon lokacin; in ana yi a inda kuke zuwa kada ki bari ya wuce.

Ranar da ba ta da lafiya, musamman da damina lokacin sauro, kuskuren da iyaye suka fi yi shi ne, "ba ta ci komai ba, bari a bar allurar". Zazzaɓi ɗaga sukari yake yi ko ba a ci ba. Ba a tsayar da insulin, sai dai likita ya gyara yawansa. A yawaita awo, a yawaita ruwa. In amai ya ƙi tsayawa, ko ciwon ciki, ko numfashin nan mai zurfi da kika riga kika sani, ko barci mai nauyi, asibiti ne a take, ba sai gari ya waye ba.

Ke kuma ki yi barci. Ku raba dare da kakarta da babanta. In kin je asibiti ki duba layin, za ki ga wata uwa riƙe da irin kayenki; ki karɓi lambarta. Wadda na samu haka ƴar Karkada ce, mun yi shekaru muna kiran juna da asuba, wani lokaci ba shawara, kuka kawai. Kafin 1921, lokacin da masu bincike Banting da Best suka fitar da insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, yaron da ya samu wannan ciwo da wuya ya ƙara shekara 1 ko 2 a raye. A Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurar ya tashi. Nakan tuna wannan in na ga autana ya ɗaga riga ya yi tasa yana ci gaba da hira, ko kallon wurin ba ya yi.

Tambaya

Hajiya, barka da aiki. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Mirriya, ɗana mai shekara 11 yana allurar insulin. Ba mu da wuta balle firigo. An ce zafi na kashe maganin. Yaya zan yi da bazara?

Wani uba, yankin Mirriya

Amsa

Malam, barka kadai, Allah ya ƙara wa yaro lafiya. Gaskiya ne zafi mai tsanani da hasken rana suna rage ƙarfinsa, kuma Afrilu da Mayu a nan ƙasar ma'auni kan haura 40. Amma ko mu na cikin gari da ke da firigo, in an ɗauke wuta tukunya muke komawa. Ka samu tukunyar ƙasa babba da ƙarama, marasa fenti. Ka zuba yashi a gindin babbar, ka zaunar da ƙaramar a ciki, ka cike tsakaninsu da yashi, ka jiƙa shi sharkaf. Kwalbar insulin ka sa ta cikin wani ɗan gwangwani ko roba mai murfi, ka ajiye a cikin ƙaramar tukunyar, ka rufe da jiƙaƙƙen tsumma. A inuwa, inda iska ke ratsawa, ba ƙuryar ɗakin kwano ba. A ƙara ruwa safe da yamma. Yadda randa ke sanyaya ruwan sha haka wannan ke yi, kuma ta fi aiki a busasshen zafi irin namu. Kada ka jefa kwalbar tsundum cikin ruwan randa, takardar jikinta za ta saɓule, bakin da allura ke shiga kuma ya ƙazantu.

Don hankalinka ya kwanta: a 2021 ƙungiyar likitoci ta MSF da jami'ar Janeba suka fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi bisa yanayin zafin sansanin ƴan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, inda zafi ke kai-komo tsakanin 25 da 37. Suka ga insulin ɗin da aka buɗe ya riƙe ƙarfinsa har sati 4. Saboda haka ran da ka buɗe kwalba ka rubuta kwanan wata a jikinta, in ta cika wata ka sauya. Waɗanda ba a buɗe ba, ka roƙi majo na gidan likitan da ya fi kusa da ku, ko wani ɗan'uwa a Mirriya, ya ajiye maka a firigo, amma ka ja kunnensa kada ya kai su wajen ƙanƙara; insulin da ya daskare ya mutu ko ya narke. In za ka ɗauko daga gari, ka naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle, kada ka sa a aljihun gaba ko ƙarƙashin sirdin babur.

Tambaya

Gwaggo, jikana shekararsa 13, yana allura sau 2. Ya nace bana sai ya yi azumi kamar abokansa, yana cewa ana yi masa dariya. Mu bar shi?

Wata kaka, Birni, Zinder

Amsa

Yaya, ina gaisuwa. Kada ku bar shi a kan ra'ayin kansa. Allah da kansa ya sauƙaƙa wa mara lafiya a cikin Suratul Baƙara, aya ta 185, kuma yaro mai allura sau 2, a zafin nan, ba ci ba sha tun asuba, yana tsakanin faɗuwar sukari da bushewar jiki. Akwai manya masu nau'i na 1 da ke yin azumi, amma da yardar likita, da sauya allura, da awo sau da yawa a yini, da sharaɗin karyawa nan take in lamba ta sauka. Wannan shawara ce da ake yi da likita tun kafin watan ya kama, ba daren ganin wata ba.

Dariyar abokai ce ke cinsa, ba yunwar lada ba. Ki nemi malamin da yake jin maganarsa ya zaunar da shi, shi da abokan in da hali. Nawa a shekarun nan aikin rabon kunun buɗa baki aka ɗora masa, shi ke kai wa masallacin unguwa da gidajen tsofaffi, yana tashi sahur da kowa, yana zuwa asham. Abincinsa na rana kuwa a ɗakina yake ci, in sakaya ƙofa, in zauna a bakin ƙofar ina tsinke zogale har ya gama.